Wanda bai taɓa ji ba bai taɓa gani ba, anya zai san da kansa?

A teburin mai shayi maganar nan ta faro, nan Tudun Wada, wani dare cikin bazara da aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu kowa ya fito waje neman iska. Ƙanen wani abokina ne da ke karatu a Samaru ya jefo ta, ya ce min Yaya bari in tambaye ka wani abu, a ƙaddara Allah ya halicci mutum yanzu-yanzun nan, babba cikakke da hankalinshi, ba a haife shi ba bai yi rarrafe ba, amma an rufe mashi ido, ba ya jin sauti ba ya jin wari ko ƙamshi, yana rataye a sarari ƙafarshi ba ta taɓa ƙasa, iska ba ta kaɗa shi, an ware hannuwanshi da ƙafafunshi har da yatsu yanda ba inda wata gaɓa ke taɓa wata, toh shin wannan mutumin zai san akwai shi? Wajen ya ɗan yi shiru, sannan aka fara musu, kuma wallahi har aka dawo da wuta wajen ƙarfe ɗaya ba wanda ya tashi.

Tambayar ba tashi ba ce, shi ma ya faɗa. Ta Ibn Sina ce, likitan nan kuma masanin falsafa da aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a Hamadan ta ƙasar Iran a 1037, mai littafin Alƙanun na likitanci wanda Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da shi a jami'o'insu. A babban littafinshi Ash-Shifa, cikin ɓangaren da ya yi magana a kan rai, nan ya kawo wannan misali, kuma amsar da ya bayar ita ce e, mutumin zai tabbatar da samuwar kanshi ba shakka, duk da ba zai san yana da hannu ko ƙafa ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, ba zai san tsawo ko faɗi ba. Daga nan ya ce kun gani ke nan, abin da kake nufi in ka ce "ni" ba jikin nan ba ne, tunda an san shi alhali ba a san jikin ba.

Ni a daren nan na ce ban yarda ba, kuma makonni sun wuce ina juya abin a raina ina kwana ina tashi da shi, har yanzu dai a nan nake. Ra'ayina shi ne mutumin nan ba zai san komai ba har da kanshi. Sanin kai sai an taso shi, kuma abin da ke taso shi shi ne ji da gani da mutane. Amma in ya riga ya tashi, toh ɗauke ji da gani ba ya kashe shi da wuri. Waɗannan abubuwa biyu ne daban kuma ina ganin haɗa su da ake yi ne ke rikita maganar.

Kar wani ya ɗauka raina Ibn Sina nake, ko kusa. Misalin nashi yana da ƙarfi sosai, shi ya sa ya kai shekara dubu ana tattauna shi. Gwada da kanka yau da dare, ka kwanta ka kashe fitila ka toshe kunne ka yi lamo, za ka ga duk abin da ka cire kai dai kana nan, ka manta da ɗakin kana nan, ka manta da ƙafarka kana nan. Toh daga nan ne zuciya ke saurin cewa ai ko an cire komai ma ina nan. Amma ka lura da wanda ke yin gwajin. Kai ne, mutumin da aka raɗa ma suna ranar bakwai, wanda uwarshi ta goya, wanda ya sha bulala a makarantar allo, ya taɓa taka ƙaya, ya san ɗanɗanon fura da zafin zazzaɓi. Da duk wannan guzurin ka shiga cikin duhun, ka rufe ido amma ba ka ajiye guzurin a bakin ƙofa ba, kuma ba za ka iya ajiyewa ba. Shi kanshi Ibn Sina ai da bakinshi ya ba da labarin cewa ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10, ya yi karatu a gaban malamai, ya duba marasa lafiya da hannunshi. Mutumin da ya cika da duniya haka ne ya zauna yana ƙiyasta wanda bai taɓa shigowa duniya ba, sai ya ara mashi nashi "ni" ɗin ba tare da ya ankara ba. Wanda ya ƙoshi in ya ce zai kwatanta maka wanda bai taɓa sanin abinci ba, yunwa zai kwatanta, alhali ita ma yunwar sai wanda ya san ci.

Sannan akwai wani abu da harshenmu ya fi kamawa. Littattafai suna cewa kafofin sani biyar ne, ido, kunne, hanci, harshe, fata. Bahaushe shi gida biyu ya raba su, gani da ji, amma duba faɗin wannan "ji" ɗin. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin gishiri a miya, muna jin sanyi, muna jin yunwa, jin fitsari, jin barci, jin jiri, jin tsoro, jin kunya, har Hausar ma jin ta ake yi. Rabin waɗannan ba daga waje suke zuwa ba, daga cikin jiki suke tasowa. Toh mutumin Ibn Sina da aka rataye a sarari, numfashi fa? Ƙirjinshi na hawa yana sauka, zuciya na bugawa, miyau na taruwa a baki, harshe na kwance yana taɓa dasashi, can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu masu ruwa da ke gaya ma mutum ko a tsaye yake ko a karkace, su ne in yaro ya yi hajijiya ya tsaya sai ya ga duniya na juyawa. In an bar mashi waɗannan to ba a raba shi da ji ba, misalin ya rushe. In kuma an cire su duka, ni ban ga abin da ya rage da zai sani ba. Sani ai sanin wani abu ne, kuma kafin a san abu sai ya bambanta da wani abu, sai wani abu ya motsa ko ya canja. Inda ba sauyi ba bambanci ba kafin ba bayan, da me za a kama?

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Ian Waterman, mahauci ne, a 1971 yana shekara 19 wata cuta ta lalata mashi jijiyoyin da ke kai labarin taɓi da na inda gaɓoɓi suke, tun daga wuya har ƙasa. Ba shanyewa ya yi ba, ƙarfinshi na nan, amma in ya rufe ido bai san inda hannunshi yake ba. Sai da ya koyi zama da tafiya daga farko ta hanyar kallon gaɓoɓinshi, in aka kashe fitila kwatsam sai ya zube. Mu da muke lafiya ba mu ma san muna da wannan ji ɗin ba sabida bai taɓa barinmu ba ko na minti ɗaya, kuma ina kyautata zaton wani kaso babba na wannan "ina nan" ɗin da muke ji a duhu, muryar jiki ce da ba ta taɓa yin shiru. Jiki magayi, ai ba a banza aka faɗa ba.

Kuma dubi kalmar da muke amfani da ita. In Bahaushe zai ambaci zatinshi sai ya ce kaina, kanka, kanta, wato dai wannan ƙoƙon da ke bisa wuya. In yaro ya girma ya yi hankali sai mu ce ya san ciwon kanshi. Wannan maganar tana burge ni matuƙa, ba a ce ya san kanshi kawai ba, sai da aka sako ciwo a ciki, kaman dai kakanninmu sun lura cewa mutum ba ya sanin kanshi sai wani abu ya taɓa shi ya ji. Wanda ya suma aka yayyafa mashi ruwa ya farfaɗo kuma cewa muke ya dawo hayyacinshi, da can bai san inda kanshi yake ba. Larabcin ma da Ibn Sina ya yi rubutu da shi, nafs da nafas, rai da numfashi, tushensu ɗaya. Na san harshe ba hujja ce yankakkiya ba, amma shaida ce ta mutane masu yawa da suka rayu suka lura.

Ni kaina na taɓa leƙa wajen da ya fi kusa da inda mutumin Ibn Sina yake. Shekarun baya an yi min aikin afendis, aka sa min allurar barci a jijiya, mai allurar ya ce Malam fara ƙirge, na tuna na kai huɗu ko biyar, abu na gaba kawai sai muryar yayata tana cewa sannu, sannu, ka ganni? A tsakanin biyar ɗin nan da sannun nan an yanka ni an ɗinke an turo ni wani ɗaki, rana ta karkata, amma ni a wajena babu tsakani. Ba duhu na gani ba, don duhu ma ganin shi ake. Ba shiru na ji ba. Ban kasance ina shawagi ina cewa ga ni nan ba. Babu kawai. Ruhina na jikina tunda ban mutu ba, ƙwaƙwalwata cike da tarihin shekara talatin da wani abu, amma da aka rufe ƙofofin gaba ɗaya ko "ni" ɗin ban samu ba. Toh ina ga wanda ba a taɓa buɗe mashi ƙofa ko ɗaya ba? Duk sanda na karanta Suratul Kahfi na zo inda samarin nan suka farka bayan shekara 309 suna cewa mun zauna yini ɗaya ko wani sashe na yini, sai wannan ranar ta faɗo min.

Yaron nan na Samaru yana da amsa, kuma amsar mai kyau ce. Ya ce Yaya ai Ibn Sina ya riga ka, a littafinshi Al-Isharat ya ce mai barci a cikin barcinshi da mai maye a cikin mayenshi ba sa rabuwa da sanin kansu, tunawa ce kawai ba sa yi. Na yarda rashin tunawa ba ya nuna rashin faruwa, mafarki nawa muke yi mu manta kafin mu idar da sallar asuba. Amma in aka ce akwai wani sani wanda mai shi bai san yana da shi ba a lokacin, kuma ba zai tuna ba daga baya, kuma ba wata alama da wani zai gani daga waje, toh ni ban ga dalilin kiran shi sani ba. A kira shi shiri, ko iri da ke cikin ƙasa, wannan zan karɓa hannu biyu.

Shaidar da ta fi taɓa ni ita ce ta Helen Keller, Ba'amurkiyar nan da aka haifa a 1880, ciwo ya ɗauke mata gani da ji tana wata 19. Ta yi shekaru a haka har malamarta Anne Sullivan ta zo a 1887, ta riƙa rubuta mata haruffa a tafin hannu, ran nan a bakin famfo ruwa na zuba a hannu ɗaya malamar na rubuta sunan ruwa a ɗayan, sai abin ya buɗe mata cewa ashe komai yana da suna. Da ta girma ta yi jami'a, ta rubuta da kanta cewa kafin malamarta ta zo ba ta san cewa ita tana nan ba. Ka duba fa, wannan yarinya ce da ta ga duniya ta ji sauti na wata 19, tana da taɓi da ɗanɗano da shaƙa, tana da ƴan alamun hannu da take yi da mutanen gidansu, tana fushi tana kuka tana neman abinci, amma duk da haka ita da bakinta ta ce wancan zaman ba zaman wanda ya san da kanshi ba ne. In mai kafofin sani uku a buɗe ta faɗi haka, wanda ba shi da ko ɗaya kuma ba shi da jiya fa?

Har a dabbobi an ga irin wannan. A 1970 wani masani a Amurka, Gordon Gallup, ya sa ma birai manya irin waɗanda ake ce ma cimfanzi madubi suka saba da shi, sannan aka sa su barci aka shafa musu jan launi a gira da kunne inda ba sa iya gani, da suka farka suka kalli madubi sai suka kai hannu goshinsu, ba madubin ba. Sun gane su ne. Amma da aka gwada waɗanda aka raina su kaɗai ba tare da ƴan uwansu ba, sai suka kasa. Idonsu lafiya lau, madubi iri ɗaya, abin da suka rasa kawai shi ne wani. Ƴaƴanmu ma sai sun kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu suke cin wannan jarrabawar, kuma duk wanda ya yi raino ya san yaro yakan daɗe yana kiran kanshi da sunan da ake kiran shi kafin bakinshi ya kama "ni". Sai an ce maka "kai" sau dubu kafin ka iya cewa "ni".

Akwai wani dattijo a wajen a daren nan, almajirin zaure ne na cikin birni wajen Kusfa, ya bari sai da muka gaji sannan ya ce yara, ina kuka kai ayar Alastu? Wato aya ta 172 a Suratul A'araf, inda Allah ya fitar da zuriyar ɗan Adam ya sa suka yi shaida a kan kawunansu, ya ce ashe ba ni ne Ubangijinku ba, suka ce e mun shaida. Ya ce a lokacin ai babu wannan idon babu wannan kunnen, ga kuma hadisin da ke Bukhari da Muslim cewa kowane abin haihuwa ana haifar shi ne a kan fiɗira, wato asalin halittar da Allah ya yi ɗan Adam a kanta. Na ce Allah gafarta Malam wannan gaskiya ne ba ja, kuma shi ya sa ban taɓa cewa mutum jiki ne kawai ba, sha'anin ruhi Alƙur'ani ya riga ya ce yana daga al'amarin Ubangiji. Amma abin da na lura da shi a ayar, ko a can ɗin ma ba a bar ɗan Adam shi kaɗai a rataye cikin shiru ya gano kanshi ba. Kiran shi aka yi. Tambaya aka yi mashi ya amsa. Shaidar da ya yi a kan kanshi ta zo ne tare da sanin Wanda ke mashi magana. Kenan ko wannan ayar ba mutumin Ibn Sina take kwatantawa ba, don shi nashi ba wanda ya kira shi. Sannan da aka zo maganar duniyar nan, aya ta 78 a Suratun Nahli ta faɗa ƙarara, Allah ya fitar da ku daga cikunnan iyayenku mata ba ku san komai ba, ya sanya muku ji da gani da zukata. Ba ku san komai ba, sannan ji, sannan gani, sannan zukata, a haka jerin ya zo. Malam ya gyaɗa kai ya ce a dai ci gaba da bincike, bai ce ya sallama ba, ni ma ban nemi ya sallama ba.

Wani Bature John Locke a ƙarshen ƙarni na 17 ya ce hankalin jariri kaman farar takarda ne da ba a rubuta komai ba. Ni na fi ganin shi kaman allo, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san sabon allo ba "babu" ba ne. Itace ne da aka zaɓa, galibi aduwa, aka sassaƙe aka goge aka shafe shi yanda zai karɓi tawada, ba kowane guntun katako ne zai yi ba, ka yi rubutu a kan ruwa mana ka gani. Wannan shirin shi nake fahimta da fiɗira. Masu binciken jarirai ma sun ga alamar shi, jaririn da bai wuce kwana ɗaya ba in ka taɓa mashi kumatu yakan juyo da baki yana neman nono fiye da in hannunshi ne ya taɓa wajen, wato tun ranar farko jikinshi na rarrabe nawa da ba nawa ba. Sai dai ko shi ɗin ba daga babu ya fito ba, ya yi watanni a ciki yana motsi yana shuri yana tsotsar yatsa yana jin bugun zuciyar uwa, a watannin ƙarshe har muryarta yana ji, shi ya sa yake fifita ta a kan ta sauran mata bayan haihuwa. Allon a shirye yake, amma allo bai taɓa rubuta ma kanshi Bisimillah ba, sai malam ya ɗauki alƙalami.

Wani zai ce toh duk wannan me ya shafe mu, mu da ke fama da tsadar masara da kuɗin makaranta. Ya shafe mu, kuma dalilin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. A layinmu akwai wani yaro da aka haifa kurma. Har ya kai wajen shekara tara ba wanda ya koya mashi komai, ba don iyayen ba sa son shi ba, suna son shi, ana ba shi abinci ana mashi ɗinkin sallah, amma tunanin kowa shi ne ai hankalinshi na nan a ciki, Allah ya riga ya ba shi, bakin ne kawai babu. Ana tafiya makaranta a bar shi a zaure, ana hira a tsakar gida yana gefe yana kallon bakuna na motsi, yara na kiran shi bebe, kuma abin da ya fi tsaya min a rai, yaron nan bai san sunanshi ba. An yanka mashi rago an raɗa suna, duk unguwa ta sani ban da mai sunan. Wannan tunanin na cewa mutum cikakke yana nan a ciki ko an kula shi ko ba a kula ba, shi ne dai misalin Ibn Sina a aikace ko da ba wanda ya taɓa jin sunan Ibn Sina a gidan, kuma yana cutar da yara da yawa a garin nan da ƙauyukan da ke kewaye, kurame da makafi da waɗanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, ana ajiye su a ƙuryar ɗaki ana jiran hankali ya fito da kanshi. Ba ya fitowa da kanshi. Kuma shekarun farkon nan in suka wuce ba a cika maido su duka ba. Alhali muna da maganar hannu tamu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwanni da majalisunsu tun kaka da kakanni, akwai makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Kaduna da ta Tudun Maliki a Kano, abin da ya yi ƙaranci shi ne iyaye su san cewa gaggawa ce, kaman yanda ake gaggawar kai mai zazzaɓi asibiti.

Ɗaya gefen kuma, wanda na ce in sanin kai ya riga ya tashi ba ya saurin mutuwa. A farkon shekarun 1950 a jami'ar McGill ta Kanada an biya ɗalibai dala 20 a rana su kwanta a wani ɗan ɗaki, an rufe musu ido da tabarau mai hazo, an sa musu safar hannu da kwali a damatsa, ba abin da suke ji sai gunjin fanka, yawancinsu ba su wuce kwana biyu zuwa uku ba, tunaninsu ya dagule wasu suka fara ganin abubuwan da babu su. Ba su ɓace ba, amma ƙwaƙwalwar da aka hana abinci sai ta koma tana cin ajiyarta. Kuma a 2006 wasu masana a Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Adrian Owen, sun sa wata mata ƴar shekara 23 da ta yi haɗarin mota take kwance ba ta amsa komai a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce mata ta ƙiyasta tana wasan tanis, sai wajen da ke shirya motsi a ƙwaƙwalwarta ya kama aiki kaman na mai lafiya, suka ce ta ƙiyasta tana zagaya ɗakunan gidansu, wani wajen daban ya kama. Tana ciki tana ji, hanyar fitowa ce ta toshe. Ba kowane mai dogon suma ne haka ba, amma wasu haka suke kuma daga waje ba ka iya bambancewa. Ni na taɓa tsayawa a gaban gadon wani kawuna da jini ya hau mashi ya faɗi, ƴan dubiya sun zagaye shi ana maganar wai ai wannan sai dai addu'a, har wani ya fara zancen gonar da ya bari, sai gwaggona ta miƙe ta ce duk mai irin wannan maganar ya fita waje, Malam na jin ku. A lokacin na ɗauka ƙauna ce kawai ke magana, yanzu ina ganin ta fi mu gaskiya. Addini ma ai ya ce a laƙƙana ma wanda ke gargara kalmar shahada, ba a ce a jira sai ya nuna alamar yana ji ba.

Abin mamakin shi ne mun juya abin. Yaron da ke buƙatar a taso mashi da hankali mun ce ai yana da shi a bar shi, babban da hankalinshi ya riga ya ginu shekara sittin kuma da ya daina motsi sai mu ce ai ba ya nan.

Kafin a watse a daren nan wani ya kawo zancen ChatGPT, manhajar nan ta kwamfuta da ke hira da mutum kaman ɗan Adam, wai ga shi ba ido ba kunne ba jiki amma yana cewa "ni", ko shi ne mutumin Ibn Sina? Ni a ganina kishiyarshi ne ma. Mutumin Ibn Sina ba shi da jiya ko kaɗan, wannan kuwa ba abin da aka ɗura mashi sai jiyan mutane, rubuce-rubucen miliyoyin waɗanda suka ji yunwa suka yi ciwo suka binne iyayensu, daga bakinsu ya ɗauko "ni" ɗin. Don haka ko me za a yanke a kanshi nan gaba, ba zai zama shaidar cewa ana sanin kai daga babu ba.

Yaron layinmu dai daga baya wani kurma mai gyaran takalma a Sabon Gari ne ya gan shi ya matsa ma uban har aka kai shi makaranta. Hutun farko da ya dawo na haɗu da shi a ƙofar gida, ya tare ni, ya nuna ƙirjinshi da yatsa, sannan ya taɓa wani ɗan tabo da ke gefen girarshi ta hagu sau biyu, ya sake nuna ƙirjinshi. Ban gane ba sai da ƙanwarshi ta ce min Baba sunanshi yake gaya maka, sunan da ƴan makarantarsu suka sa mashi da hannu ke nan. Ya maimaita min har sau uku sai da na yi daidai, sannan ya nuna ni ya buɗe tafin hannu yana tambayar nawa. Ba ni da shi, sai ya tsaya ya ƙare min kallo, ya shafi gemunshi da bai da shi, ya nuna ni. Har yau in mun haɗu da wannan yake kira na.